Kafin Ka Kwance Inji, Duba Allura

A Jamus da Ingila da Amurka da Japan akwai magidanta, wasunsu har da jikoki, waɗanda in sun taso daga aiki sai su gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su kunna fitila, su tsaya gaban wani makeken tebur. A kan teburin gari ne sukutum: tasha da gadoji, rami da ya huda dutse, gonaki, shanun da ba su kai kan ɗan yatsa ba, ga kuma layin dogo ya yi musu ƙawanya. A kan dogon ɗan jirgin ƙasa ne ke tafiya da wutar lantarki. Kansa bai fi tsawon tafin hannu ba, amma duk taga da bututu da matakalar da ke jikin na gaske suna nan a jikinsa. Baƙo zai ce wasan yara ne. Mai abin ya san cewa gini kashi ɗaya ne kawai, sauran aikin duk kula ce, kuma ba ta ƙarewa.

Abin ya daɗe. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya kai wa baje-kolin Leipzig na 1891 jiragen wasa masu dogo mai ƙayyadadden faɗi, yadda mutum zai sayi ƙarin layi baɗi ya haɗa da na bana. Lionel ya fara a New York a 1900. Frank Hornby na Liverpool ya fito da nasa a 1920, waɗanda ake yi wa wani kamar agogo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne HO, inda ake rage komai sau 87. Ɗauki layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai faɗin milimita 1,435 tsakanin ƙarafansa biyu, ka kasa shi gida 87, za ka sami milimita 16.5, faɗin dogon HO ke nan. Akwai waɗanda suka fi shi ƙanƙanta: N mai milimita 9, da Z mai 6.5 wanda Märklin ya fitar a 1972. Mafi girman irin wannan gini yana birnin Hamburg, Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Dogonsa ya haura kilomita 16, jiragensa sun haura 1,000, duk minti 15 dare ya yi gari ya waye a cikinsa. Jama'a jiragen suke zuwa kallo. Ni waɗanda suka fi burge ni su ne ma'aikatan da ba a cika gani ba, masu sharar dogo da ɗauke jirgin da ya tsaya.

Domin ko a Hamburg ko a ɗan ɗakin wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, kukan ɗaya ne. Jiya jirgi ya yi tafiyarsa sumul. Yau an murɗa masa wuta, ya ɗan matsa, ya yi shaƙuwa, fitilarsa ta yi ƙyaf-ƙyaf, ya tsaya cak. Aka zungure shi da yatsa ya zabura, ya sake tsayawa. Sabon shiga nan take ya yanke hukunci: inji ya mutu. Sai ya rarumo sukundireba.

Duk wanda ya taɓa zaman shagon tela ya san wannan hukunci, ya san wannan gaggawa. Yaron shago na tsakiyar ɗinki sai keke ya fara tsallake, ko ya shiga tsinka zare, ko a juya ƙyalle a tarar zare ya cukurkuɗe ta ƙasa.

"Maigida, keken nan fa ya lalace. Ko in kira mai gyara?"

Maigida ko ɗago kai daga yankan da yake yi ba zai yi ba.

"Yaushe rabonka da canza allura?"

Shiru.

"Zare ta ka duba. In ba ta lanƙwashe ba, to ka ga ko a baibai ka sa ta. Ka sake zarga zaren tun daga sama. In ka gama, ka buɗe farantin nan ka share ƙarƙashin haƙora."

Yaro ya buɗe, sai ga curin gashin yadi ya danƙare tsakanin haƙora da ƙoshiya, ya sha mai ya yi baƙi ƙirin. Ya tsokalo shi da tsinke, ya hure wurin, ya mayar da faranti, ya taka. Keke ya dawo da muryarsa.

Ba duba tela yake yi ba. Abin da ya sani shi ne kan keken nan baƙin ƙarfe ne da aka yi shi don ya ga jikokin mai shi, da wuya laifi ya kasance can ciki. Laifi yakan zauna inda abu biyu ke gogar juna, allura da yadi, zare da ƙoshiya. Shi ya sa yake farawa da abu mafi araha, mafi kusa da hannu, sai ya wanke shi daga zargi kafin ya matsa gaba. A ganina wannan tsari shi ne kusan dukan ilimin gyaran ɗan jirgi, kuma wanda ya riƙe shi zai huta da asarar da mai gaggawa ke yi.

Allurar ɗan jirgi ita ce wurin da taya ta taɓa dogo. A tsarin da ya fi yawa, ƙarfe ɗaya na dogon ne ke kawo wuta, ɗayan ya mayar da ita, abin da bai wuce volt 12 ba a tsohon yayi. Wutar ta hau tayar ƙarfe, wasu siraran ƙarafa da ke shafar bayan tayar su karɓe ta, waya ta kai ta ga inji, can kuma wasu 'yan gawayi biyu da masu gyara ke kira kabon su miƙa ta ga ɓangaren da ke juyawa. A wurare uku na wannan tafiya ba a ɗaure komai da komai ba, taɓa juna kawai ake yi. Kan jirgi na gaske yana kai tan 100, duk dattin da ya taka murƙushe shi yake yi. Na tebur 'yan gram ɗari ne, na ma'aunin N ma bai kai haka ba, kuma inda tayarsa ke haɗuwa da dogo bai fi tsinin allura ba. An rage jirgi sau 87, an rage tasha da gada da fasinja, amma ba wanda ya rage ƙura. Ita da gashin kyanwar gida da zaren labule suna nan da girmansu na duniya.

Ka shafa farin ƙyalle a kan dogon da kake rantsuwa tsaf yake, za ka ga baƙin layi biyu sun fito. Haɗin gambiza ne: ƙurar ɗaki, man da ya zubo daga jirgi, da ƙarfen da 'yan tartsatsin wuta ke ƙonawa duk lokacin da taya ta ɗan rabu da dogo ta dawo. Datti na haifar da tartsatsi, tartsatsi na haifar da datti. Tayoyin taragu kuwa su ne 'yan dakonsa, su kwasa a nan su zube a can, musamman na roba, shi ya sa masu abin da yawa ke musanya su da na ƙarfe. Wani lokaci dattin yakan taru a jikin taya har ya yi ɓawo, mutum ya zaci da shi aka ƙero ta.

Maganin ba shi da tsada. Ƙyallen auduga marar gashi, a ɗiga masa sifirit mai tsabta irin isofurofil, a bi kan dogo da shi. Tayoyin kan jirgi kuwa akwai dabarar da nake sha'awa ƙwarai. A shimfiɗa ƙyallen a gicciye bisa dogo, a ɗora rabin tayoyin a kansa, ragowar a kan ƙarfe tsirara don su sha wuta. A dafa jirgin da yatsa biyu kada ya wuce, a murɗa wuta kaɗan. Tayoyin su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna goge kansu, kana kallon baƙin yana sauka a kan fari. A juya jirgin a yi wa sauran. Sannan a kifar da shi a kan abu mai laushi, a sa hantsaki a zaro gashin da ya nannaɗe sandar taya, a duba ko siraran ƙarafan nan suna taɓa bayan tayar ko sun buɗe. Wannan shi ne buɗe farantin tela, kuma a nan mafi yawan shari'u ke ƙarewa.

Abu biyu ne zan roƙi kowa kada ya kusanto da su. Na farko soson ƙarfe na wanke tukunya. Yana sa dogo ƙyalli, gaskiya ne, amma yana zubar da 'yan ɓurɓushin waya, kuma a cikin kowane inji akwai maganaɗisu da zai zuƙe su ɗaya bayan ɗaya har su cika shi, ko su haɗa wutar da bai kamata ta haɗu ba. Na biyu samfefa. Tana kankare datti ta bar zane-zane a kan ƙarfe, zanen nan kuwa shi ne gidan da sabon datti zai tare. Dogon da aka fi yi yanzu haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, ba ya tsatsa kamar na baƙin ƙarfen da, ba ya dusashewa da sauri kamar na tagulla. Ba ya buƙatar kankara sai in fenti ko gam ya bushe a kansa. Masu jiragen Märklin, waɗanda wutarsu ke zuwa ta 'yan ƙusoshin da ke tsakiyar dogo wani takalmin ƙarfe a cikin jirgi yana shafa su, su ma takalmin nan ne farkon abin dubawa, don yakan cinye ya yi kwari.

To, an share, jirgi bai daina tsayawa ba. A nan ma tela na da tambaya. In keke ya ƙi wani yadi, yakan jawo guntun wani ƙyalle ya gwada. In ya ɗinka atamfa lafiya ya ƙi leshi, magana ta bar kan keke ta koma kan allura da yadin. In kuwa duk abin da aka sa masa tsallake yake yi, to nasa ne. Mai jirgi shi ma haka: ya ɗora wani kan jirgin a kan dogon. In kowane jirgi ya zo wuri kaza sai ya tsaya, laifin dogo ne. In jirgi ɗaya ne ke tsayawa ko'ina, laifinsa ne. In kuma jirgi ɗaya ne, a wuri ɗaya, to akwai abin da ke tsakaninsu, kuma kusan kullum wurin mararraba ce. Tambayar ba ta cin minti biyu, amma tana raba aikin gida biyu ta jefar da rabi.

In dogo ne, a fara da mahaɗa. Guntayen dogo ana haɗa su da wasu 'yan kwanon ƙarfe da ake zura bakin wannan da na wancan a ciki. Ranar farko sukan kama gam. Bayan shekara biyu sun saki, sun yi duhu, fentin da aka shafa wa gefen dogo da ruwan gam ɗin da aka kafe tsakuwa da shi sun kurɗa ciki. Wuta ta taso daga akwatin tuƙi da ƙarfinta, kowace mahaɗa ta ɗan ci nata, kafin ta kai ƙarshen tebur ta galabaita. Alamar ita ce jirgin da ke gudu kusa da akwati, ya yi nisa ya fara jan ƙafa. A danna mahaɗa da bakin sukundireba yayin da jirgi ke tsaye. Wadda aka danna ya motsa, ita ce. Matse ta da filaya maganin yau ne. Maganin dindindin shi ne a ja wayoyi biyu masu kauri ta ƙarƙashin tebur, a riƙa fito da 'yan rassa daga jikinsu ana like su da dalma a jikin dogo, kusan kowace mita ɗaya, yadda ba guntun da zai dogara da maƙwabcinsa. Aikin nan a lokacin shimfiɗa dogo yini ɗaya ne. Bayan an dasa bishiyoyi an gina tasha, sai mutum ya kwanta rigingine a ƙarƙashin tebur, dalma na ɗigo masa. Tun ran gini tun ran zane.

Sai mai. A nan tela ya fi kowa iya bayani, don shi ne ya san kuɗin shadda. Ɗigo ɗaya yake sa wa kowane rami, ya taka keken a kan tsumma har man ya gama fita, sannan ya ɗora kayan mutane. Yaron da ya tsiyaya wa keke mai don ya ji yana ƙara, gobe zai ga tabo a kan farar rigar ango, jibi kuma ya tarar man ya kama gashin yadi ya zama wancan baƙin curi. Ɗan jirgi ya fi keke rashin haƙuri da yawan mai. Jiragen da mai ya kashe sun fi waɗanda rashinsa ya kashe. Abin da ake bukata shi ne a tsoma tsinin allura a cikin mai, ɗan abin da ya maƙale a taɓa shi a bakin sandar inji da mazaunin sandar taya. In ido ya ga man yana sheƙi, ya yi yawa, a goge. Haƙoran giya su kuma ɗan giris kaɗan. Kada mai ya kusanci saman taya, kada ya kusanci kabon, don in ya jiƙa shi sai ya yi laushi, ya zama kwaɓi, ya cike 'yan tsagogin da ke raba ɓangarorin injin, inji ya yi zafi ya fara hayaƙi.

Amma kada wani ya ɗauki kwalbar tela ya nufi jirgi kai tsaye. Cikin irin wannan keken ɗinki ƙarfe ne zalla. Cikin jirgin zamani giyoyi da gidansu roba ne, kuma akwai man da ke cin roba a hankali, ta yi laushi ko ta tsage bayan watanni. Sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cutar da roba. Man feshin nan na kwance noti mai tsatsa ma ba nasa ba ne, balle man girki, wanda ke daskarewa ya yi danƙo.

Kunne ma kayan aiki ne. Tela na hira da baƙo, bayansa na ga yaransa, amma zai ce, "Kai, wane ne kekensa ke ƙwanƙwasa?" Mai jirgi da ya saba da nasa yana jin bambanci. Kukan tsiii mai tsini, sandar inji ce ta bushe. Ƙas-ƙas-ƙas da ke zuwa sau ɗaya a kowane juyin taya, jirgi na ɗan ɗingishi, yawanci giyar roba ce da aka cusa a sandar taya ta tsage, ko tsakuwa ta shiga tsakanin haƙora. Gurnani ba motsi kuwa, a kashe wuta nan take: wuta na shiga, wani abu ya riƙe injin, kuma daƙiƙu kaɗan suka rage ya ƙone.

Saukar jirgi daga kan dogo wani babi ne, kuma shi ne ya fi gwada haƙuri. Tarago ya zagaya lafiya sau da yawa, sannan ba sallama ya kife. A nan ne ake ganin wanda ya sami horo. Yaron tela in zare ya yi sako-sako, sai ya murɗa abin ɗaure zaren sama, ya kwance ɗan notin ƙoshiya, ya canza tsawon ɗinki, duk a zama ɗaya. In ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, in ya ƙara lalacewa bai san hanyar komawa ba. Maigida abu ɗaya yake taɓawa, ya murɗa kaɗan, ya gwada a ƙyalle, ya duba gaba da baya, sannan ya ƙara. Haka ake bin taragon da ke sauka. A soka fil a gefen dogo inda ya sauka, a rubuta wane tarago ne, ta wace fuska ya dosa. A tura shi da yatsa a hankali, a sunkuya ido ya yi daidai da dogo. Sau da yawa za a ga leɓen tayar ya hau kan ƙarfe tun da nisa, ya yi ta tafiya a sama, sai can gaba ya faɗo. Inda ya hau ake nema, ba inda ya faɗi ba.

Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, tana da ɗan faifan ƙarfe na awo da ake gwada faɗin dogo da tazarar tayoyi da shi. A HO tsakanin bayan taya da bayan 'yar'uwarta kusan milimita 14 da rabi ne, kuma kaucewar da ido ba zai gani ba ta isa ta sa taya ta daki bakin mararraba. Ƙungiyar ta kuma ba da shawarar nauyi: gram 28, a ƙara gram 14 a kan kowane inci na tsawon tarago, wato mai inci 6 ya kai wajen gram 112. Tarago marar nauyi a tsakiyar masu nauyi, in aka zo kwana sai a fizge shi ciki. Ga ƙugiyoyin da ke haɗa taragu, in ɗaya ta fi ɗaya tsawo sai su rabu a kan tudu, in ƙarfen da ke reto a ƙasanta ya sauko sai ya kama dogo.

Wani lokaci kuma ba wanda ya taɓa komai, yanayi ne ya juya. A ƙasashen sanyi in aka kunna na'urar ɗumama gida iska takan bushe, katakon tebur ya tsuke, ƙarfen dogo kuwa bai tsuke tare da shi ba, sai ya rasa wurin zuwa ya yi gwiwa. A ɗakin saman rufi kuwa, da rani ƙarfen ne ke miƙewa. Shi ya sa masu hankali ba sa like dukan mahaɗai da dalma, sukan bar 'yar tazara nan da can, kaurin kati, don dogo ya sami wurin numfashi.

Kayan gefen dogo ba su da wuyar sha'ani sosai, sai mararraba. Harsunanta biyu da ke karkata jirgi dama ko hagu, ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta hana su rufewa. A tsakiyarta kuma, inda ƙarfen dama ke gitta na hagu, dole a raba wuta. Kamfanoni irin su Peco na Ingila sun daɗe suna yin iri biyu, mai tsakiyar roba da mai tsakiyar ƙarfe. Ta roba ba ta da wahalar haɗawa, amma ɗan gajeren jirgi mai tayoyi huɗu yakan mutu a kanta. Ta ƙarfe tana buƙatar ƙarin waya da makunni, amma jirgi na wuce ta yana rarrafe bai ƙyafta ba. Injin da ke jan harsunan, irin mai kwayil biyu, ƙyaftawar ido yake so na wuta. In yatsa ya daɗe a kan maɓalli, ko maɓallin ya maƙale, kwayil ya yi zafi ya narkar da gidansa. Ana tsare shi da akwatin kafasito mai sakin wuta bugu ɗaya. Tsoffin ƙwayayen fitila suna iya narkar da rufin ɗan gidan roba, na LED kuwa ba sa zafi amma sai da abin rage musu wuta. Bututun da ke sa jirgi fitar da hayaƙi kada a bar shi a kunne ba ruwansa a ciki. Layin da ya zagaya ya dawo da jirgi kan dogon da ya fito, a tsarin ƙarfe biyu, yana haɗa dama da hagu kai tsaye, sai an yanka shi a wuri biyu an yi masa wutarsa daban.

Inda shagon tela ya fara gaza mu shi ne jiragen dijital. Tun farkon shekarun 1990 NMRA ta karɓi tsarin DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus. A nan dogo kullum cike yake da wuta, wajen volt 14 ko 15 a HO, saƙonni na tafiya a cikinta, kowane kan jirgi na ɗauke da 'yar dikoda mai lambarta, tana jin nata kiran kawai. Jirage da yawa a layi ɗaya, kowa da gudunsa, da fitilarsa, da ƙarar injinsa. Keke ba shi da ƙwaƙwalwar da zai ruɗe, dikoda na da ita. Ana iya samun jirgi lafiya lau ya ƙi motsi don kawai ana kiransa da lambar da ba tasa ba. Sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa, kuma da yawansu in aka rubuta 8 a gurbin ƙwaƙwalwarsu mai suna CV8 sukan manta duk abin da aka koya musu su koma yadda suka fito daga masana'anta. Sai dai ko a nan ƙura ba ta sauka daga sarautarta ba, ƙaruwa ma ta yi. Yankewar wutar da tsohon jirgi zai wuce da ƙarfin gudunsa, mai sauti sai ya yi tsit ya sake tada inji daga farko. Shi ya sa ake ƙara musu kafasito da ke riƙe 'yar wuta ta ɗan lokaci.

Akwai gwaji ɗaya da bai kamata mai DCC ya tsallake ba, don wutarsa na iya kai amfiya 5. A ɗora kwandala ta haɗa ƙarafan dogo biyu a wuri mafi nisa. Akwati ya kamata ya yanke wuta nan take. In bai yanke ba, wayar da ta kai can ta yi rauni har akwatin bai san an haɗe ba, kuma ranar da jirgi ya sauka a wurin zai zauna wuta na bi ta cikinsa har robar tayoyinsa ta narke.

Tela na gaskiya ya san ranar da zai ce a kira mai gyara, ya kuma san ranar da ko mai gyaran ba shi da abin yi. Wasu tsoffin jirage, musamman na kafin shekarun 1950, an zuba gangar jikinsu da haɗin tutiya da ya gurɓata da dalma. Shekaru na tafiya ƙarfen na kumbura, ya tsattsage, taya ta faɗaɗa ta ƙi juyawa, a ƙarshe ya ruɓushe a hannu. Ba mai, ba gam, ba dabarar da ke tsayar da shi. Danshi ma ƙara masa sauri yake yi. Sai dai a nemi wani ɓangaren a musanya. Tsohuwar taransifoma da robar wayarta ta bushe tana farfashewa ita ma ba abin gwaji ba ce, don ta wancan gefen wutar gida ce mai kisa. A kai wa mai aikin lantarki, ko a haƙura da ita.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne jirgin gado. Uba ya rasu, bayan shekara 30 ɗa ya buɗe kwali ya ga jirgin da suka yi wasa da shi tare, ya ɗora a dogo, ya murɗe wuta har ƙarshe don ya ga ya tashi. Keken da ya shekara a jingine ba a hawa shi da ƙafa. Da hannu ake fara juya shi, a ji inda ya cije. Giris ɗin da ke cikin jirgin nan ya daskare ya zama kamar kakin zuma, injin zai yi ta kokawa da shi har wayarsa ta ƙone, alhali da lafiyarsa aka ajiye shi. A cire gangar jikin tukuna, ana ɗaukar hoton kowane mataki da waya, ana jera notuna a faranti bi da bi. A kankare tsohon giris da tsinken sakace, a wanke giyoyin da sifirit, a bari su bushe. A juya injin da yatsa a ji ya saki. A duba kabon ko da saura, a duba zoben robar da ke wasu tayoyin, don yakan bushe ya tsinke kamar yadda bel ɗin keke ke yi. Sannan mai, tsinin allura. Sai a ba shi wuta kaɗan-kaɗan, ba tarago ko ɗaya a bayansa, ya yi kamar rabin awa yana zagayawa gaba, a juya shi ya yi wani rabin da baya, ana taɓa jikinsa lokaci-lokaci a ji ko ya ɗau zafi. In ya wuce wannan, a fara ɗaura masa taragu biyu.